Rudun Kawu da Takardar Abuja

Ranar da na fara gaya wa Kawu cewa ina so in nema mana "faten" a Abuja, muna zaune ne a gindin dogonyaro a bakin gonarsa da ke fadamar Wurno, da la'asar sakaliya. Ya ajiye igiyar da yake tufka, ya dube ni, ya ce, "Faten mi, Dakta? Na wake ko na tsaki? Kuma don mi sai Abuja za a dafa shi?" Na yi dariya, na ce masa wata takarda nake nufi, wadda gwamnati ke ba mutumin da ya ƙirƙiro sabon abu, ta shaida cewa abin nasa ne, kuma ba mai ƙera shi ya sayar sai da izininsa. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "To wagga takarda, tana hana albasa ruɓewa?" Na ce a'a. Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka.

Na daɗe ina so in rubuta wannan labari, kunya take hana ni, domin ni ne mai laifi a cikinsa. Abin da ya sa na cije na rubuta shi ne na lura kuskuren da na yi ya zama ruwan dare a tsakanin 'yan'uwana malaman jami'a, kuma waɗanda ke kwana a ciki su ne manoma da maƙera da magina da muke zuwa mu kwashi basirarsu.

Duk wanda ya san Wurno ya san cewa bayan hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mayar da garin ribaɗi kuma ya rasu a cikinsa a 1837, ba abin da aka fi sanin garin da shi kamar albasa da tafarnuwa da shinkafa. Daga madatsar ruwan Lugu har zuwa babbar madatsar Goronyo da aka kammala a 1984 a kan gulbin Rima, rani lokacin aiki ne a wurinmu. Sai dai noman albasa yana da wata ƙaya da ba ta fita. Kowa yana cire tasa ne a lokaci guda, wajen watan Maris da Afrilu, sai kasuwa ta cika ta batse, farashi ya faɗi warwas. Wanda ya iya riƙe tasa har damina ta yi nisa shi ke cin riba. Riƙon kuwa a rudu ake yin sa, wato ɗan ɗakin kara da ciyawa da ake ɗorawa bisa gadon itace. Albasa abu ce mai rai, tana numfashi, tana fitar da zafi da laima. Idan aka tara ta da yawa, ga zafin bazara, ga danshin damina, sai ta fara ruɓewa daga tsakiya. Na taso ina ganin magidanta suna buɗe rudu su tarar da rabin wahalarsu ta zama ruwa mai wari, su yi salati su koma gida.

Kawu, ƙanen mahaifiyata, bai taɓa zama a ajin boko ba, amma mutum ne mai lura. Ya ce mini in ya cusa hannunsa a tsakiyar tarin albasa sai ya ji kamar jikin mai zazzaɓi, alhali gefe-gefen da sanyinsu. Sai ya tattara tsofaffin tuluna, ya fasa gindinsu, ya huhhuda cikkunansu, ya jera su ɗaya bisa ɗaya daga gadon rudu har zuwa rufi, suka zama kamar ginshiƙi mai rami. Iska mai zafi ba ta da nauyi, sama take nema, don haka sai ta bi ramin ta fice, mai sanyi ta shigo ta ƙasa ta maye gurbinta. Matsala biyu suka rage masa: ruwan sama yana shiga ta bakin tulun ƙarshe, kuma in ya rufe bakin sai zafin ya rasa hanya. Wani maƙeri a Goronyo, mai gyaran injinan ban-ruwa, shi ya warware wannan. Ya yanko ƙarfen durom ya yi wa ginshiƙin hula mai fukafukai, ya ɗora ta bisa boris ɗin keke. Iska kaɗan ta isa ta juya ta, tana juyawa tana zuƙo zafin, ruwa kuma bai samun shiga.

Nawa aikin shi ne awo. Na kawo ma'aunin zafi da na danshi daga jami'a, na kwatanta rudun Kawu da na maƙwabtansa har damina biyu, na zana fasalin abin yadda injiniya zai gane. Sakamakon ya yi kyau ƙwarai. A lokacin ina neman ƙarin girma, kuma a tsarinmu na jami'a, yawan abin da ka wallafa shi ne tsaninka. Na rubuta maƙala, na sa sunana da na abokan aikina biyu, aka buga ta a wata mujallar ilimi da kowa ke iya karantawa a intanet, har da zanen da ma'aunan kowane sashe. Na gabatar da ita a wani taron masana, wani gidan rediyo ma ya yi hira da ni. A cikin maƙalar, Kawu ya fito sau ɗaya, a matsayin "wani manomi a yankin". Maƙerin ko haka bai samu ba.

Bayan taron ne wani ɗan kasuwa ya bugo mini waya yana tambayar ko an yi wa abin rajista, domin yana tunanin ƙera shi da yawa. A nan ne kwaɗayi ya farkar da ni daga barcin da ilimi bai farkar da ni ba. Na garzaya wurin wani lauya, abokina tun muna sakandare. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni abu ɗaya: "Malam, ka riga ka buga shi?" Na ce ƙwarai, ina murmushi, don ina zaton wannan ne babbar hujjata. Ya girgiza kai, ya ce, "Ai ka yanka kazarka tun ba ta yi ƙwai ba."

Ga abin da na koya a ranar, wanda ya kamata a ce na sani tun kafin in ɗauki alƙalami. Dokar da ke kula da mallakar ƙirƙira a Nijeriya an yi ta ne a 1970. Ta gindaya sharuɗɗa uku. Dole abin ya zama sabo, dole ya zama akwai basira a cikinsa wadda ba kowane ma'abocin sana'ar zai hango ta kai tsaye ba, kuma dole ya zama ana iya ƙera shi ko amfani da shi a sana'a, har da noma. Sharaɗin farko shi ne ya kayar da ni. A idon doka, abu ya daina zama sabo da zarar an bayyana shi ga jama'a a ko'ina a duniya, a rubuce ko da baki ko ta hanyar amfani da shi a fili, kafin ranar da aka shigar da takardar nema, ko da kuwa mai abin ne da kansa ya bayyana. Rangwamen da ta yi ƙanƙane ne: wanda ya nuna abinsa a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi yana da wata shida ya shigar da takardarsa. Maƙalata da taron da hirar rediyon duk sun zama shaidu a kaina. Haka kuma dokar tana ba da haƙƙin ne ga wanda ya riga kowa shigar da takarda, ko da yake ta ba ainihin mai ƙirƙirar damar a ambaci sunansa. Wanda ya samu takardar yana da shekara 20 daga ranar shigarwa, muddin yana biyan kuɗin shekara-shekara, daga nan abin ya zama na kowa.

Abokina ya ƙara da wata magana da ta hana ni barci. Ya ce ofishin rajistar, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja, doka ta ɗora masa duba cikar takardu ne, ba ta ɗora masa binciken ko abin sabo ne ba. Ana ba da takardar ne bisa kasadar mai nema, ba tare da lamunin ingancinta ba. Ma'ana, in na so zan iya cike fam in samu takardata, in rataye ta a ofis, in sa ta cikin jerin ayyukana. Sai dai duk ranar da wani ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya ya nuna maƙalata, kotu za ta iya soke ta. Ya ce, "Wa zai kai ka kotu a kan rudun albasa?" Yana gwada ni ne, na sani. Na karɓi fam ɗin na tafi da shi gida.

Ban ɓoye wa mai karatu ba, na fara cikewa. Inda na tsaya shi ne layin da ake tambayar sunan ainihin wanda ya ƙirƙiro abin. Na riƙe biro na daɗe. Ginshiƙin tuluna na Kawu ne. Hular ta maƙeri ce. Ni ɗan awo ne kawai, kamar mai mudu da ya auna hatsin da wani ya noma. Na ninke fam ɗin na jefa shi a aljihun tebur.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, ni ne mai tsayawa a aji ina ba ɗalibai labarin yadda aka raba mu da sunanmu. Jar akuyar Sakkwato tana da fatar da duniya ke yabo. Majemanmu suka jeme ta, fatake suka ratsa Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, Turawa suka saye ta a can, suka sa mata suna fatar Maroko, kuma da wannan suna aka rufe manyan littattafai a Turai. A maƙwabciyarmu Nijar, an taɓa samun wani kamfanin iri na wata ƙasa da ya nemi a yi masa rajistar irin albasar Galmi, wadda manoman yankin suka gada kaka da kakanni, sai da manoma da hukuma suka tashi tsaye kafin a janye sunan. Daga baya Nijar ta yi wa albasar Galmi da kilishinta rajista a ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, ta yadda sunan ya zama na ƙasar da mutanenta. Ina ba da waɗannan misalai ina kumfar baki a kan Turawa da kamfanoni, alhali abin da na yi wa ƙanen uwata ɗan'uwan wannan ne.

Akwai kuma misalin da ya nuna ana iya yin daidai. Maganin sikila da ake kira Niprisan ya samo asali ne daga wani mai maganin gargajiya a ƙasar Yarabawa, Rabaran Paul Ogunyale, kuma a cikin haɗinsa akwai abubuwan da ke kowace kasuwarmu, irin su masoro da kanumfari da karan dafi. Masanan cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, suka yi aiki a kansa, kuma da aka ba da takardar mallakarsa a Amurka a 1998, sunan mai maganin yana cikin jerin masu ƙirƙirar. Duniya ma ta fara gane wannan haƙƙi. A watan Mayun 2024 aka amince da wata yarjejeniya a birnin Janiba wadda ke neman duk mai son takardar mallaka a kan abin da ya ginu bisa tsirrai ko halittu da ilimin gargajiyar da ke tattare da su ya bayyana inda ya samo su.

Da na koma wurin Kawu na ba shi haƙuri, sai na tarar shi damuwarsa daban ce. Ya ce shi bai ga dalilin da zai sa a kulle dabarar da Allah Ya ba bawa ba, alhali malamai kullum suna gargaɗi kan ɓoye ilimi. In maƙwabcinsa ya kwaikwaya albasarsa ta tsira, ai lada ce. Maganarsa tana da nauyi, kuma tana da magoya baya a aikace. Marigayi Muhammad Bah Abba, malamin kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, ya yaɗa dabarar sanya tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don kayan miya su daɗe, ya sa magina suka yi dubbai ya rarraba a ƙauyuka, har ya ci kyautar Rolex a shekarar 2000. Alherin da ya yi yana cikin yaɗuwar abin.

Amsar da na ba Kawu ita ce, takardar mallaka ciniki ce tsakanin mai basira da al'umma. Sharaɗin samunta shi ne ka bayyana sirrin abin filla-filla, yadda duk ma'abocin sana'ar zai iya yin irinsa, al'umma kuma ta saka maka da 'yan shekarun da kai ne za ka fara cin moriya. Wanda ke ɓoye ilimi shi ne mai maganin da ya mutu da laƙaninsa a ciki, kuma mun binne irinsu da yawa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin ƙirƙira da na wallafa haƙƙoƙi ne da shari'a ke karewa. Sannan takardar ba ta hana mai ita yin kyauta. Tana ba shi ikon ya zaɓi wanda zai yafe wa da wanda zai ce ya biya. Wanda bai da ita kuwa, wani na iya riga shi zuwa Abuja, ya dawo yana yi masa barazana a kan abin da ya fito daga kansa. Kawu ya ce, "Wannan ta ƙarshe ita na ji."

Abin da ya ƙarasa gyara mini tunani ya faru ne a wani ƙauye kusa da Rabah, garin da aka haifi Sardauna, inda na je ta'aziyya. Ina sauka daga mota na hango huluna uku suna juyawa bisa rudu. Abin da ya fara zuwa zuciyata shi ne an yi mini sata. Na matsa na tambayi wani saurayi inda suka samo dabarar. Ya ce, "Ai wani Dakta ne a jami'a ya ƙirƙiro ta, mun ji shi a rediyo." Bai san ni ba. Da na yi shiru, da na tafi da yabon. Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi, domin a ranar na ji da kunnena yadda sunan Kawu ya ɓace, kuma na san hannun da ya goge shi. Na ce wa saurayin, "Daktan nan awo kawai ya yi. Mai dabarar wani dattijo ne a Wurno, mai hular kuma maƙeri ne a Goronyo." Ya dube ni da mamaki, ya ce to Allah Ya saka musu.

Allah Ya ba mu dama ta biyu. Bayan harin da 'yan bindiga suka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021, wanda ya ci rayuka da dama, maƙerin ya kwashe iyalinsa ya dawo cikin Sakkwato, muka riƙa haɗuwa. Akwai wata matsala da ta rage wa rudun: a tsakiyar damina iskar da ke shigowa ta ƙasa ita kanta jiƙaƙƙiya ce. Kawu ne ya tuna cewa ɗanyar fata tana saki in ta ji laima, ta ɗaure in ta bushe. Maƙerin ya yi ɗan murfi a mashigar iskar, ya rataye shi da tsinken fatar akuya, ta yadda yake rufe kansa in gari ya yi danshi, ya buɗe in ya bushe. Ni kuma na yi lissafin tsawo da nauyi har abin ya daidaita. A wannan karo na kama bakina. Mun yi gwajin a bayan gida, cikin shinge. Ban rubuta maƙala ba, ban je rediyo ba, sai da muka shigar da takarda ta ofishin jami'armu mai kula da irin wannan, wanda ke aiki da hukumar NOTAP, wadda aka kafa tun 1979 kuma take taimaka wa masu bincike na gida wajen neman rajista. Sai bayan an ba mu lamba da ranar shigarwa nake faɗin wannan a jarida.

Sunaye uku ne a fam ɗin, na Kawu ne na farko. Da yake doka ta ba ma'aikata haƙƙi a kan abin da ma'aikacinta ya ƙirƙiro a bakin aikinsa, jami'a tana da nata kason daga ɓangarena. Mun rubuta yarjejeniya, aka karanta ta da Hausa gaban shaidu, su biyun suka sa hannu da ajami. A cikinta mun yafe wa duk manomin da zai yi don rudunsa, da ƙaramin maƙerin da zai yi wa mutanen garinsu. Kamfanin da zai ƙera da yawa ya sayar, shi ne zai zo a zauna.

Ba na ruɗin kaina. Takarda ba ta kai kaya kasuwa, kuma na san ofisoshi da dama da irinta ke rataye tana shan ƙura. Ikonta kuma a Illela ya ƙare. Wanda ya tsallaka Birnin Ƙonni ya ƙera abin, takardar Abuja ba ta isa gare shi, sai in mun nemi ta OAPI mai ƙasashe 17 cikin wata 12 daga ranar shigarwarmu, kuɗin hakan kuwa ya fi ƙarfinmu a yanzu. Mai yiwuwa ba za mu taɓa samun ko sisi ba. Duk da haka ina roƙon abokan aikina abu biyu. Kafin ku aika maƙala, ku tambayi kanku ko akwai abin rajista a cikinta, domin rajista ita ke gaba, wallafa ta biyo baya, kuma ba a juya wannan tsari. Sannan ku duba wa ya fara tunanin. In manomi ne ko maƙeri ko mai jima ko tsohuwa mai daddawa, yana da suna, ku rubuta shi. Ga masu sana'a kuma, in malami ko baƙo ya zo da littafi da kyamara yana tambayar sirrin aikinku, ku karɓe shi da mutunci, ku kuma tambaye shi inda sunanku zai fito, a rubuta tun a zaune. Sarkin Musulmi Bello, a littafinsa Usulus Siyasa, ya lissafa kula da masu sana'a cikin ayyukan shugaba. Jami'o'inmu da gwamnatin jiha za su iya farawa da abu mai sauƙi, wato fassara dokar nan da Hausa, da kai bayaninta kasuwannin Wurno da Goronyo da Rabah.

Da na kai wa Kawu kwafin takardar shigarwar, ya juya ta sama da ƙasa, ya ce in nuna masa inda yake. Na ɗora yatsa a kan layin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe haka sunana yake da boko." Ya ninke ta, ya sa a cikin gafakar da yake ajiye takardun gona. Daga nan ya ce in taso mu je mu duba rudu, don hadari ya haɗo daga gabas.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a gabashin Sakkwato, Ya sa manoma su koma gonakinsu cikin aminci.